KWANSON HARSASHI: A SAN NA MAHARBI, A SAN NA ƊAN FASHI

Duk wanda ya tashi a ƙasar Katagum ya san cewa da zarar an gama girbi, hunturu ya sauka, to, lokacin farauta ya yi. Tun daga ƙauyukan da ke kewaye da Azare har zuwa fadamun tsohon birnin Katagum, za a ji gangar mafarauta da haushin karnuka tun da asuba, a fita neman zomo da zabon daji da fakara, wanda Allah Ya ciyar kuma ya komo da gada ko ɗinya. Yawancin mafarautan bindigar toka suke riƙewa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, amma akwai da dama masu bindigar da ake karyawa a sa mata harsashi. Bayan an watse, waɗannan sukan bar wani abu a ƙasa wanda mutane ba su cika kula da shi ba, watau kwanson harsashin da aka harba. Yara kan tsince shi su yi usur da shi. Wasu manya kuwa sukan bi sawu su tattara shi a jaka, su koma gida su zazzage a tabarma, su ware manya daban, ƙanana daban, masu tsaga daban, da niyyar sake cika masu kyau domin fita ta gaba, saboda sabon harsashi ya yi tsada, samunsa ta hanyar da doka ta yarda kuma ya yi wuya.

Wannan ɗan kwanso ya shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal fiye da yadda suke zato, domin a cikinsu akwai masu gadi, akwai 'yan gwangwan masu tara ƙarafa, akwai kuma mafarautan da suke zuwa Kurmi ci-rani da karnukansu. Ra'ayin wannan shafi shi ne, warewar da ake yi a ɓoye bisa tabarma ya kamata ta koma fili bisa teburin hukuma, a san kowane kwanso daga bindigar wa ya fito, domin ƙasar da ba ta iya bambanta kwanson maharbi da na ɗan fashi ba, ba za ta iya bambanta mutanen biyu ba ranar da aka tare su a hanya.

Abin Da Ke Cikin Harsashi

Harsashi irin na zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, wanda shi ne gidan, akwai ɗan ƙyastu a tsakiyar gindinsa, wanda allurar bindiga take sara ya ba da wuta, akwai albarushi, sa'an nan akwai dalmar da take fita ta yi aiki. Idan aka harba, ƙyastu ya mutu, albarushi ya ƙone, dalma ta tafi, sai kwanso kaɗai ya rage da amfani.

Kowace bindiga da awonta, kuma ba ta karɓar na wata. Bindigar AK-47 tana cin harsashi mai faɗin milimita 7.62, tsawon kwansonsa milimita 39. Bindigogin G3 da FN, waɗanda sojan Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, faɗin nasu harsashin ɗaya ne da na AK-47, amma tsawon kwanson milimita 51 ne. Bindigar farauta kuwa da lamba ake kiranta, kuma lambar tana da asali: idan aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 daidai wa daida, aka dunƙule kowane kashi, to, dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakin bindiga mai lamba 12, watau wajen milimita 18 da rabi. Saboda haka mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 ƙanƙantar baki, ko da yake lambarta ta fi yawa.

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake cika harsashi domin amfanin kansa, ware kwanso shi ne aikin farko, kuma ba su wasa da shi. Suna da rariya hawa-hawa, kowace da girman ramukanta, a zuba kwanson a girgiza, kowane awo ya tsaya a tasa. Suna sa mayen ƙarfe ya zare na baƙin ƙarfe daga cikin na tagulla. Bayan haka sai a bi ɗaya bayan ɗaya da ido, a karanta rubutun da ke gindi, domin akwai harsasan ƙaramar bindiga iri biyu masu faɗin milimita 9, ɗaya tsawon kwansonsa 19, ɗayan 17, waɗanda ido ba ya raba su sai an lura. Duk mai tsaga a jefar. Albarushin kuwa a kan ma'auni ake auna shi, bisa littafin da masana'anta ta buga, a kuma rubuta abin da aka zuba. A Turai ma tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham ta Ingila, inda ake jarraba ƙarfin bindiga a buga mata hatimi kafin a sayar, kuma cikin 1914 waɗansu ƙasashen Turai suka kafa hukumar haɗin gwiwa domin daidaita irin wannan gwaji.

To, a duba mai cikawa a ƙauye. Ba shi da ma'auni sai ido da tafin hannu, ba shi da littafi, bindigarsa kuma sau da yawa maƙeri ne ya ƙera ta da bututun da ba a taɓa gwadawa ba. Albarushin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ya fi na gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, in aka zuba shi a bindigar toka yana iya tarwatsa ta a hannun mai ita. Haka nan in harsashi mai lamba 20 ya ɓuya cikin jakar masu lamba 12, aka sa shi cikin gaggawa, sai ya zame ya maƙale a cikin bututu. Maharbi ya ga kamar bai sa kome ba, ya ƙara wani a baya, ya ja kunama, bindiga ta fashe. Wanda ya rasa yatsu ko ido ta wannan hanya, noman damina ma ya gagare shi, balle farauta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, a nan kuwa har rai takan ci.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar Makamai ta 1959, wadda aka gada tun kafin samun mulkin kai, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi, waɗanda ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Akwai irin na farauta masu cin harsashi, waɗanda lasin ɗinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai bindigar toka, wadda al'amarinta yake hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na kowace jiha da yardar Gwamna, ke nan takardar da aka bayar a Bauci ba lalle ba ne ta yi amfani a wata jiha. Dokar ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi a wajen ma'ajin makamai na gwamnati, kuma da ta zo fassara kalmar harsashi sai ta haɗa har da kowane ɓangare nasa. Dokar Soja ta 1984 kan fashi da makami ta ƙara tsanani, ta yanka ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyu, ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Ma'anar wannan a fili take. Dattijon da yake cika harsashi a zaurensa mai laifi ne a idon doka, ko da zomo kaɗai yake nufi da shi. Yaron da aka samu da kwanso a buhun gwangwaninsa a Ikko yana iya kwana a bayan kanta kafin a saurari bayaninsa. Cikin 2023 kuma Sufeto Janar ya bayyana cewa an dakatar da ba da sabon lasin, saboda makamai sun yi yawa a hannun jama'a. Dalilin abin ji ne, domin wata cibiyar bincike da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogin da ke hannun farar hula a Nijeriya sun haura miliyan 6. Amma fa ɗan fashi bai taɓa zuwa ofis neman lasin ba. Wanda aka rufe wa ƙofa shi ne mai son bin doka, shi ne kuma aka tura kasuwar bayan fage.

Katagum Da Bindiga

Mutanen Katagum ba baƙin bindiga ba ne. Cikin watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Bature Clapperton ya sauka a birnin tare da abokin tafiyarsa Likita Oudney, wanda ya rasu a Murmur 'yan kwanaki bayan sun tashi. Clapperton ya ba da labarin cewa Sarki ya so ya ga aikin bindigarsa, ya yi harbi biyu daga nesa, duka suka sami abin da aka sa masa, Sarki ya yafa masa riga da hannunsa. Cikin 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Brussels, suka hana sayar wa yawancin mutanen Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ɗuri ta baki da albarushin kasuwa, abin da ya taimaka bindigar toka ta zauna daram a hannun maharbi. Turawa suka karɓi Katagum a 1903, aka mai da gadon sarauta Azare a 1916, bayan shekara 10 kuma aka cire ƙasar daga Lardin Kano aka haɗa ta da Lardin Bauci.

A duk tsawon wannan zamani, abin da ya tsare jama'a shi ne sanin juna. Mai unguwa ya san duk gidan da ke da bindiga, dagaci ya san maƙerin da ya ƙera ta, Sarkin Baka kuma ya san kowane maharbi da ubansa da wanda ya koya masa. In aka yi ɓarna a daji, kafin la'asar an san wanda za a kira. Wannan sani yana nan har gobe a ƙauyuka, sai dai a ka yake, ba a takarda ba, kuma ba ya bin mutum zuwa Kurmi.

Kwanso Shaida Ne

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, haka ma kwanso. A gindin na soja akan buga alamar masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi, allurar kowace bindiga kuma tana barin nata tabo, wanda masana suke dubawa da madubin ƙara girma su ce wannan daga bindiga kaza ya fito. Mutanen Azare sun ga irin wannan kwanso a titunansu cikin Disamba na 2011, sa'ad da 'yan Boko Haram suka far wa ofisoshin 'yan sanda na garin, kafin bama-baman da suka tashi a tashar mota da kasuwa cikin Oktoba da Nuwamba na 2014. Ba wanda ya ga abin da aka share a ƙasa washegarin wancan hari ya ce aikin masu neman fakara ne.

Cikin Janairu na 2020 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makaman da aka kama a jihohin Kaduna da Katsina da Zamfara. Ta bin lambobi da alamomi ta gano cewa waɗansu ƙirar gida ne, waɗansu sun tsallako daga Libiya da Kodebuwa, waɗansu daga Turkiyya, waɗansu kuma daga rumbun jami'an tsaron Nijeriya suka sulale. Wannan shi ne amfanin karatun ƙarfe, yana nuna inda baraka take ba tare da an doki kowa ba.

Amma a faɗi gaskiya, awo kaɗai ba ya wanke mutum. Miyagu ma suna amfani da harsashi mai lamba 12. Cikin Janairu na 2017 jami'an Kwastan suka kama bindigogi 661 masu cin irin wannan harsashi a Ikko, cikin Satumba na shekarar suka kama wasu 1,100 a tashar jiragen ruwa ta Tin Can, a 2024 kuma aka kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne ta Jihar Ribas. Ba mafarautan Katagum aka yi wa wannan oda ba. Saboda haka sai an haɗa awo da suna, an haɗa suna da takarda, sa'an nan kwanso zai iya tsaya wa mai gaskiya shaida.

Darasin Uromi

Ran 27 ga Maris, 2025, ana cikin kwanakin ƙarshe na azumi, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Salla. Aka ga bindigogin toka, aka yi kururuwar masu satar mutane ne, taron jama'a ya far musu, aka kashe mutum 16, yawancinsu daga Ƙaramar Hukumar Bunkure. Gwamnan Edo ya taka har Kano ya yi ta'aziyya, aka kama waɗansu, amma wanda ya tafi ya tafi. Allah Ya jiƙansu.

Babu wani uzuri ga wannan ɗanyen aiki, kuma wajibi ne shari'a ta yi aikinta a kan duk mai hannu a ciki. Duk da haka mai hankali yakan tambayi yadda aka yi har aka kai nan. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna kuka da masu satar mutane a gonakinsu, tsoro ya cika musu ciki, mai tsoro kuwa in ya ga igiya maciji yake gani. Bindigar toka ba ta barin kwanso ko ɗaya, kuma sai an tsaya an ɗura ta kafin a sake harbi na biyu. Masu tare hanya da ita ba sa dogara. Da akwai wanda ya tsaya ya kwatanta abin da ake tsinta a wuraren da aka yi ɓarna da abin da ke cikin motar, da an ga bambanci. Da kuma akwai littafi ɗaya da ofishin 'yan sanda na Uromi zai duba, ko lambar waya ɗaya da zai kira a Fatakwal ko Kano, da wataƙila an sami abin da za a tare taron da shi. Abin da ya sami 'yan Bunkure yana iya samun 'yan Azare ko Gamawa ko Shira, domin hanyar ɗaya ce, motar ma ɗaya ce.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, a fara daga gida. Majalisar Sarkin Katagum da Kwamishinan 'Yan Sanda na Jihar Bauci su haɗa kai a rubuta sunan kowane maharbi ta hannun Sarkin Baka da dagacinsa, a buga wa bindigarsa lamba, a ba shi kati mai hoto. Ikon yin haka a kan bindigar toka yana cikin dokar 1959, niyya kaɗai ake jira. Maƙeran da suke gyara su ma a san su, a ba su izni, a hana su wuce abin da aka yarda musu.

Na biyu, Sufeto Janar ya buɗe ƙofar lasin ga maharbin da ya yi rajista, a naɗa dillali sananne a Azare, kuma a kafa ƙa'ida ɗaya mai sauƙi: wanda ya kawo kwanso 10 shi zai sayi sabon harsashi 10. Dillali ya ware abin da aka kawo bisa awo, ya rubuta a littafi, ya miƙa wa hukuma ta lalata. Ta haka an raba maharbi da cika harsashi a zaure, an kuma san inda kowane harsashi ya tafi. Masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna tun 1964 ita ya kamata ta wadata mafarauta da harsashi mai alama a farashin da talaka zai iya, tun da yarjejeniyar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a Abuja cikin Yuni na 2006 ta riga ta nemi a riƙa sa wa harsasai alamar masana'anta da ƙasa da shekara.

Na uku ya rataya a wuyan mazauna Kudu da kansu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu da sauran zango-zango su san duk maharbin da ya sauka a wurinsu, su kai sunansa ga 'yan sanda da sarkin garin tun ran da ya iso. Kada kowa ya ƙara hawa motar haya ko ta kaya da bindiga ba tare da takardar 'yan sanda ta inda ya taso ba, in kuwa ba ta samu ba, gara ya bar ta a hannun amana ya tafi Salla hannu sake. Mai gadi kada ya karɓi bindiga daga maigida sai ya ga lasin da idonsa. Manyan 'yan gwangwan su gargaɗi yaransu kada su sa kwanso a buhu kome kyan tagullarsa, su ma kada su saya. Wanda ya ga irin na soja a ƙasa ya bar shi inda yake, ya sanar da shugabansa.

Na huɗu, wakilan jama'a a Majalisar Tarayya su sake duban dokar 1959, su fitar da babi na musamman domin maharbin gargajiya, da katin da kowace jiha za ta amince da shi.

Za a ce rajista wata sabuwar ƙofar cin hanci ce, kuma yau a rubuta sunan mutum gobe a zo a ƙwace masa bindiga. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa tilas a sa sarakuna a ciki, a yanka kuɗi kaɗan, a kafe shi a bango kowa ya gani. Za a kuma ce sayar wa mafarauta harsashi ƙara wa wuta fetur ne. Amma harsashin yana hannunsu tun yanzu, sai dai ba a san adadinsa ba, ba a san mai sayarwa ba. Gwamnatocin jihohi da kansu sukan nemi mafarauta in daji ya gagara, kamar yadda suka taimaka wa soja a ƙasar Mubi cikin 2014. Bai dace a kira mutum jarumi ran da ake bukatarsa, a kira shi mai laifi ran da ya nemi takarda ba.

Rigakafi ya fi magani. Hunturu yana tafe, gangar farauta za ta sake tashi a ƙasar Katagum, motocin ci-rani kuma za su sake gangarawa Kurmi. Kafin nan ya kamata a ce littafin rajista ya buɗe a Azare, sarakunan zango kuma sun zauna da mutanensu. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.